Ido Ba Mudu Ba Ne: Tarihin Tantance Ingancin Karkade a Kalakla da Umdurman

1.0 Gabatarwa

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a shekarar 2023, al'adar mutanen Khartum da Umdurman a watan Azumi ita ce su shimfiɗa tabarmi a bakin titi gab da faɗuwar rana, kowane gida ya fito da tirensa, a tare matafiya a roƙe su su sauka su sha ruwa. A kan waɗannan tabarmi ba a rasa wani jan abin sha mai tsami da suke kira karkade, wanda Bahaushe ya sani da zoɓo. Kowane gida da irin haɗinsa, kuma masu sha sukan bambance na gidan wane da na gidan wane tun daga kurɓin farko.

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin wannan bambancewa. Ta duba yadda ake gane karkade mai kyau a unguwar Kalakla da kasuwar Umdurman, da yadda ma'aunin ya sauya bayan da hajar ta shiga kasuwar duniya. An fara da labarin wata giyar Turai mai suna absint, domin jan nau'inta daga zoɓo yake samun launi, kuma abin da ya same ta darasi ne ga duk mai sayar da abin da launi ke yi wa talla.

2.0 Sunan Tsiron da Sassansa

Masana tsirrai suna kiran wannan tsiro Hibiscus sabdariffa, kuma da yawansu sun karkata ga cewa Afirka ce mahaifarsa. Hausa ta ba kowane sashe nasa suna. Tsiron da ganyensa su ne yakuwa, wadda ake miya da ita. Jan kwanson da ke rufe 'ya'yan shi ne zoɓo, ko zoɓorodo, ko soɓorodo, gwargwadon karin harshe. Ƙwayar ita ce gurguzu, kuma da ita ake yin daddawar batso. Mutanen Darfur ma suna ruɓar da ƙwayar su yi wani abin miya mai suna furundu, wanda Hamid Dirar ya yi bayaninsa a littafinsa na 1993 kan abincin Sudan da ake tsimawa.

Akwai kuskuren da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Abin da ake jiƙawa ba fure ba ne, duk da cewa 'yan kasuwa suna kiran sa furen zoɓo. Furen yakan buɗe ya faɗi cikin yini guda. Bayan faɗuwarsa ne kwanson da ke gindinsa yake kumbura ya yi nama, ya rufe ƙoƙon iri. Wannan kwanso shi ake ɓarewa a shanya. A Senegal sunan abin shan bisap, a Gana sobolo, a Masar da Sudan karkade, a Meziko kuwa ruwan Jamaika.

3.0 Absint: Giyar da Launi Ya Ci Amanarta

Sunan absint ya samo asali daga wani ganye mai ɗaci da Girkawa suka kira apsinthion, Larabawa suka ce afsantin. Ibn Sina ya ambace shi cikin magunguna a littafinsa Al-Ƙanun, kuma tazargaden da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa danginsa ne. A ƙarshen ƙarni na 18 aka fara haɗa wannan ganye da yansun da shamar ana dafa giya mai ƙarfi a kwarin Val-de-Travers na ƙasar Suwizalan. A 1805 Henri-Louis Pernod ya buɗe masana'antarsa a garin Pontarlier na Faransa. A shekarun 1840 an riƙa ba sojojin Faransa da ke yaƙi a Aljeriya wannan giya da sunan rigakafin zazzaɓi, suka koma gida da ƙaunarta. Da wani ƙwaro ya halaka gonakin inabi a rabin ƙarshe na ƙarnin, ruwan inabi ya yi tsada, sai talakawa suka koma wa absint. Zuwa 1910 Faransawa suna shan kimanin lita miliyan 36 a shekara.

Asalin launin absint kore ne, kuma daga ganye yake fitowa: bayan an tace giyar ta fito fara kamar ruwa, sai a sake jiƙa wasu ganyaye a ciki. Masu tantance ta sukan duba abubuwa biyar, wato launi, da gajimaren da takan yi in an ɗiga mata ruwan sanyi ninki 3 zuwa 5, da ƙamshi, da ɗanɗano, da abin da ya saura a baki bayan haɗiya. Da kasuwa ta buɗe, masu son riba suka gane cewa mai saye da ido yake fara hukunci. Sai suka riƙa amfani da barasa mai arha, suna rina ta da gishirin tagulla don ta yi kore, suna zuba wani sinadari mai guba don ta yi gajimare. Cutar da ta biyo baya, haɗe da yawan maye, ta shafa wa giyar baƙin jini baki ɗayanta. Suwizalan ta hana ta daga 1910, Amurka a 1912, Faransa a 1915. Sai a 2005 Suwizalan ta ɗage haramcin.

Jan absint, wanda ya fi yaɗuwa bayan wannan dawowa, ana samar da shi ta hanyar jiƙa zoɓo a matakin rini maimakon koren ganye. Masu tantancewa suna fifita wanda launinsa ya fito daga zoɓo a kan wanda aka zuba wa rinin masana'anta. Alamar da suke dubawa ita ce, launin tsiro yana da taushi kuma yana dusashewa in haske ya daɗe a kansa, na masana'anta kuwa yana ƙyalli ba ya sauyawa. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma a Sudan doka ta bi bayan hukuncin: a watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya kafa dokokin Shari'a, aka tuttular da kwalaben barasa a kogin Nilu, kuma sai a 2020 aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba. Saboda haka jan abin shan da ake miƙa wa baƙo a fili a Khartum karkade ne. Amma tambayar da ke gaban mai ɗanɗana absint a Turai ita ce ke gaban matar da ke sayen karkade a Kalakla: wannan jan, daga tsiro yake ko daga gwangwani, kuma yaya abin yake a harshe?

4.0 Daga Rairayin Kurdufan Zuwa Kasuwar Umdurman

Mafi yawan karkaden Sudan daga yamma yake fitowa, musamman Kurdufan ta Arewa, a kewayen Rahad da Ummu Ruwaba da Al-Ubayyid, sai kuma Darfur. Ana noma shi da ruwan sama a ƙasa mai rairayi da suke kira goz. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, irin wannan ƙasa ita Bahaushe ke kira jigawa, kuma Jihar Jigawa ce kan gaba a noman zoɓo a Nijeriya. Tsiron yana jure ƙarancin ruwa, don haka manomi kan raɓa shi da gero ko riɗi, ya zama madogara a shekarar da hatsi ya gaza. Galibin aikin tsinka da ɓara da shanya yana hannun mata, kuma kuɗin da ya fito sau da yawa nasu ne.

Ana girbi bayan ɗaukewar damina, daga wajen Nuwamba. A nan ne ake gina inganci ko a rusa shi. In an ɓare kwanson da hannu cikin gaggawa, yakan yayyage. In an yi amfani da ɗan bututun ƙarfen da ake kira gargara aka ture ƙoƙon irin, kwanson kan fito ɗungurungum. In an shanya a ƙasa, rairayi ya shiga. In an tara shi bai gama bushewa ba, ya yi fumfuna. Kusan kilo 10 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe, kuma wannan asarar nauyi ita ke jan wasu su ɗaure buhu da sauran laima a ciki.

Umdurman ta zama babbar kasuwa bayan Mahadi ya ci Khartum a 1885, Halifa Abdullahi ya mayar da ita fadar mulki, mutanen yamma suka cika ta da kayan abincinsu. Bayan yaƙin Karari na 1898, Turawan Ingila suka ci gaba da shimfiɗa layin dogo. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan a 1909, jirgin ƙasa ya isa Al-Ubayyid a 1912. Ƙaro ne ya ja dogon zuwa can, kuma a kansa aka gina kasuwar gwanjon amfanin gona ta garin, amma riɗi da gyaɗa da karkade suka bi sawu. Akan auna karkade da kintar, wato ratal 100, kimanin kilo 45, kuma sunan gari ya zama sunan daraja. 'Yan kasuwa sun san irin Rahad da irin Fashir, kuma ambaton Rahad kaɗai yakan ɗaga farashi, kamar yadda ambaton goron wani gari ke yi a kasuwar Kurmi.

5.0 Hausawan Sudan da Sunaye Biyu

Hanyar Hajji ta ƙasa ta daɗe tana zube Hausawa da Fulani da Barebari a Sudan, inda ake kiran su Fallata ko Takari. Ayarin ya ƙaru bayan 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya yi shahada a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban mutanen yamma suka shiga aikinsu. A babban birnin kuwa, unguwar Ishash Fallata ta daɗe da suna a matsayin mazauninsu.

Waɗannan mutane ba su tarar da baƙon tsiro ba. Sun tarar da yakuwarsu da wani suna da wani salon sha. Sun kuma bar alamarsu a abincin ƙasar, domin gasasshen naman da duk Sudan ke kira agashe sunansa Hausa ne. Bambancin salon ya cancanci lura. A ƙasar Hausa dafa zoɓo ake yi, a saka citta da kanumfari da ɓawon abarba, har ƙamshin kayan haɗi ya rinjayi na kwanson. A Sudan an fi jiƙa shi a ruwan sanyi na wasu awoyi, a tace, a saka sukari, ko kuma a sha shi da zafi kamar shayi. Jiƙo ba ya rufa wa mugun karkade asiri, tunda babu citta da za ta ɓoye warin laima. Wannan ya sa mai sayen karkade a Khartum ya fi tsananta bincike tun a gaban buhu.

6.0 Ma'aunin Kalakla

Kalakla tana kudancin Khartum, a gabashin Farin Nilu, kan hanyar Jabal Auliya. Asalinta ƙauyukan manoma ne da birni ya haɗiye, kuma yau ta ƙunshi unguwanni irin su Gubba da Gala'a da Sanga'at, da kasuwar Laffa wadda ita ce cibiyar cinikinta. Fari da yunwar 1984 zuwa 1985, da yaƙe-yaƙen kudu da yamma, sun koro dubban iyalai zuwa gefunan babban birnin. Mata da yawa daga cikinsu suka kafa murhu da kujeru a gindin bishiya suna sayar da shayi da gahawa da karkade. Su ake kira sittat al-shai. Ɗaya daga cikinsu, Awadiyya Mahmud Koko, ta haɗa su a ƙungiyar gama-kai don kare kansu daga kamu da ƙwace kaya, har gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabon jaruman mata a 2016. Mace irin wannan, wadda ke sayen ratal guda yau ta sayar da shi kofi-kofi kafin gobe, ba ta da halin yin kuskure a saye. A wurinta da wurin matan gida ne ilimin tantancewa ya taru, kuma ana iya kasa shi gida huɗu.

Na farko ido. Ana son ja mai duhu da ya doshi baƙi, kwanso cikakke mai kauri, ba gutsattsari ba. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa ko rana ta dafa shi. Farin ƙura a lunguna alamar fumfuna ce, ƙananan huji kuwa aikin ƙwaro ne.

Na biyu hannu. Busasshen kwanso yana ƙara in an damƙe shi, yana karyewa. Wanda ke lanƙwasa kamar fata yana da sauran ruwa, kuma mai saye zai biya kuɗin ruwan. Ana tura hannu har gindin buhu, domin can rairayi da itace da gurguzu ke taruwa, saman buhu kuwa ado ne.

Na uku hanci. Karkade mai kyau yana da ƙamshin tsami mai tsabta. Warin rumbu, ko na hayaƙi, ko na man fetur daga motar da ta ɗauko shi, ba ya fita ko da an wanke.

Na huɗu harshe, kuma shi ne alƙali. Ana gutsurar kwanso a tauna, ko a jefa kaɗan a kofin ruwa. Mai kyau yana sakin launi a hankali, ruwan ya yi ja garau ba gurɓata. Tsaminsa yana zuwa da kaifi ya wuce, ya bar baki wasai, ba ɗaci, ba bauri mai kama maƙogwaro. Ana kuma duba ko zai ba da jiƙo na biyu, domin nan ribar mai shayi take.

Kimiyya ta tabbatar da hikimar wannan jeri. Launin zoɓo daga sinadaran antosayanin yake, tsaminsa kuwa daga wasu sinadarai dabam, don haka ɗaya ba ya lamunce ɗaya. Akwai farin karkade, kamar yadda ake da farin zoɓo a ƙasar Hausa, wanda ba shi da ja ko kaɗan amma tsaminsa cikakke ne. Haka kuma antosayanin yana sauya kama: a cikin tsami ja ne, in an saka kanwa sai ya yi duhu ya doshi shuɗi. Duk matar da ta taɓa kashe tsamin zoɓo da kanwa ta ga wannan da idonta. Jan garin lemon kwalba da aka rina a masana'anta ba ya yin haka. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sha'anin karkade, ido yana rage yawan buhunan da za a duba, sannan harshe ya yanke hukunci.

7.0 Jarrabawar Watan Azumi

Babu lokacin da wannan ilimi ke fitowa fili kamar Sha'aban da Ramadan. Tun kafin ganin wata mata ke taruwa gida-gida don yin hilu-mur, ma'ana zaƙi da ɗaci. Ana tsiro da dawa, a niƙa, a haɗa da kayan ƙamshi da tsamiya da karkade, a bari ya yi tsami, sannan a toya shi falle-falle a kan faranti mai zafi. Da yamma sai a jiƙa fallen a tace. A gefensa akwai ruwan kuka da suke kira gongolez, da na tsamiya da suke kira aradeb, da karkade zalla. Tunda kowane gida yana kai nasa tabarmar unguwa, maƙwabta su ne masu tantancewa, kuma tulun da aka fara shanyewa ya ci jarrabawa ba tare da an ce uffan ba. Ta wannan hanya yarinya ke koyon saye daga uwarta, ba makaranta ba littafi.

8.0 Ma'aunin Ƙetare

Da karkade ya shiga jiragen ruwa sai ya gamu da alƙali na daban. Jamus ta daɗe tana cikin manyan masu sayen na Sudan, inda kamfanonin shayin ganye ke zuba shi a haɗe-haɗensu, sau da yawa don ya ba kofi launi. Wani rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana na Sudan a matsayin mafi kyau a duniya, amma ya koka da ƙarancinsa da rashin kyawun sarrafa shi. Mai saye na ƙetare ba ya tauna kwanso. Yana auna laima, wadda ba a son ta wuce kashi 12 cikin 100, yana auna ƙarfin launi da yawan datti da ragowar maganin ƙwari, duk a ɗakin gwaji.

Wannan ma'auni yana da amfaninsa, domin yana ganin abin da harshe ba ya gani. Nijeriya ta ɗanɗana kuɗarsa a ƙarshen shekarun 2010, lokacin da Meziko, babbar mai sayen zoɓonta, ta dakatar da shigar da shi saboda wani ƙwaron rumbu mai suna kapra da aka samu a kaya. Farashi ya faɗi a Maigatari da Kano, manomin da bai taɓa ganin teku ba ya yi asara, kuma ba a koma ciniki ba sai da aka tsara yi wa kayan turaren kashe ƙwari kafin lodi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Sai dai ma'aunin yana da gurgunta. Tunda launi ake biya, dillali launi yake nema, kuma ba ya ƙara wa manomiya ko sisi don daɗin abin da ta noma. Mafi kyau yakan tafi waje, gutsattsari da gari su rage wa kasuwar gida. Inda kuɗi ya bi launi kaɗai, tarihin absint ya nuna abin da kan biyo baya.

9.0 Kammalawa

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya taɓa wannan silsila daga tushe har reshe. Kalakla ta daɗe a hannun dakarun RSF, mutanenta da yawa suka gudu, kuma sai a Maris na 2025 sojoji suka sake karɓe Khartum. Al-Ubayyid ta yi kusan shekara biyu a kewaye, Rahad da Ummu Ruwaba suka zama fagen daga. Gonar karkade tana iya dawowa da damina guda, tunda tsiron ba ya neman komai sai rairayi da ɗan ruwa. Ilimin gane mai kyau kuwa a bakunan mata yake, waɗanda yau suke warwatse a Masar da Chadi da Sudan ta Kudu da garuruwan gabas, kuma galibinsa ba a rubuce yake ba.

A nan akwai aiki ga ɗaliban Hausa. Kalmomin da masu sayar da zoɓo a Maigatari da Dawanau da Maraɗi ke amfani da su wajen yaba kaya ko kushe shi, da waɗanda Hausawan Mai Wurno da Khartum suka riƙe ko suka ara daga Larabci, sun isa a tattara su a kwatanta. Wanda zai yi wannan aiki ya fara da zama kusa da tsohuwar da ke tura hannu gindin buhu, ya tambaye ta abin da take nema.